Bashin da Juyin Mulki Kan Bari: Kilomita Biyar da Tarihin Riƙon Ƙwarya a Bangui

Gabatarwa

Wanda ya tashi daga tsakiyar Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ya bi titin Boganda, bayan tafiyar kilomita biyar zai iske kansa cikin kasuwa mafi girma a ƙasar. Daga wannan nisa unguwar ta samo sunanta, Kilomita Biyar, ko PK5 kamar yadda ake taƙaita shi a rubuce. Tun zamanin mulkin Faransa fatake suka yi zango a nan: Hausawa da Barebari da Fulani, da Larabawan Chadi, da mutanen Mali da Senegal. 'Ya'yansu da jikokinsu a nan aka haife su, suna jin Sango, harshen ƙasar, kamar kowa. A nan babban masallacin birnin yake. A nan kuma ake sauke kayan da manyan motoci suka ɗauko daga tashar jiragen ruwa ta Duwala a Kamaru, wato sukari da gishiri da fulawa da man girki da atamfa da kayan gyaran mota, daga nan su bazu zuwa sauran unguwanni da larduna.

Wannan maƙala za ta bi tarihin sauyin mulki a Bangui daga 1979 zuwa 2019, tana hangensa daga bakin wannan kasuwa. Abu guda take son nunawa. Kusan duk lokacin da aka kifar da gwamnati a ƙasar, kukan aljihu ne ya share hanya: albashin da ba a biya ba, da tsadar kaya, da dukiyar da aka ƙwace. Wanda ya karɓi mulki kuwa yakan gaji wancan bashi, ya ɗora nasa a kai, wato ladan da ya yi wa waɗanda suka ɗauko shi alkawari. In baitulmali ba kome, mai bindiga kan je ya biya kansa inda kuɗi suke, a Bangui kuwa kuɗi suna Kilomita Biyar.

Kafin a shiga labarin, ya kamata ɗalibi ya bambance kalmomi uku. Juyin mulki shi ne kifar da gwamnati da ƙarfi. Juyin juya hali ya fi shi zurfi, domin yana nufin sauya tsarin zaman jama'a baki ɗaya. Masu ƙwace mulki a Bangui sun fi sha'awar suna na biyu: Bokassa ya kafa majalisar da ya kira ta juyin juya hali a 1966, mayaƙan Bozizé kuma suka kira kansu masu 'yantar da ƙasa a 2003. Riƙon ƙwarya kuwa shi ne mulkin wucin gadi tsakanin faɗuwar wata gwamnati da zaɓen wata, kamar wanda aka miƙa wa ƙwarya ya riƙe kafin mai ita ya iso. Abin tambaya a kullum shi ne abin da ke cikin ƙwaryar.

1979: yunifom da kambin sarauta

Jean-Bédel Bokassa ya kifar da David Dacko a daren 31 ga Disamba 1965. Ranar 4 ga Disamba 1977 ya ɗora wa kansa kambin sarkin sarakuna, a bikin da aka ƙiyasta ya ci kimanin dala miliyan 20, a ƙasar da malaman makaranta da sauran ma'aikata ke yin watanni ba su ga albashi ba. Bayan shekara guda gwamnati ta wajabta wa 'yan makaranta sayen yunifom, wanda kamfanin da ke hannun iyalin sarkin ke ɗinkawa. Iyayen da aka ce su saya kuwa da yawansu su ne ma'aikatan da ba a biya ba.

Ranar 18 ga Janairu 1979 ɗalibai suka fito kan titi. 'Yan jami'a da talakawan unguwanni suka mara musu baya, sojoji suka buɗe wuta, mutane da dama suka mutu. A watan Afrilu aka bi unguwa-unguwa ana kama yara, aka cusa su a kurkukun Ngaragba, inda kimanin ɗari suka rasa rayukansu. Ƙungiyar Amnesty International ta tona asirin a watan Mayu, sannan kwamitin masana shari'a daga ƙasashen Afirka biyar ya tabbatar da kisan a rahotonsa na watan Agusta. Titin Shahidai da ke Bangui a yau don tunawa da waɗannan yara aka sa masa suna.

A daren 20 ga Satumba 1979, Bokassa yana Libiya neman kuɗi, sai sojojin Faransa suka sauka a Bangui. Cikin jirginsu suka zo da David Dacko, mutumin da Bokassa ya tumɓuke shekara 13 da suka wuce, suka mayar da shi kan kujera. Ɗalibai ne suka zubar da jini, amma ba su aka tambaya wa zai gaji sarki ba. Faransa ce ke iya cike giɓin baitulmali a biya albashi, saboda haka ita ta zaɓa. Dacko ya ci zaɓen Maris 1981 da ɗan abin da ya haura rabin ƙuri'u, magoya bayan Ange-Félix Patassé suka ce an yi maguɗi, gari ya rikice. Ranar 1 ga Satumba 1981 Janar André Kolingba ya karɓi mulki ba tare da an yi harbi ba. Darasin farko ke nan: zanga-zanga na iya kayar da sarki, amma mai biyan albashi shi ke naɗa magaji.

1990 zuwa 1997: daga yajin aiki zuwa boren soja

A ƙarshen shekarun 1980 farashin gahawa da auduga ya faɗi a kasuwar duniya, shirin tsuke bakin aljihu da aka ƙulla da Bankin Duniya da Asusun Lamuni na Duniya kuma ya rage ma'aikata. Daga 1990 haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta USTC ta shiga jerin yajin aiki kan bashin albashi, makarantu suka rufe har shekarun karatu suka tafi a banza. Buƙatar albashi ta haɗe da buƙatar siyasa, wato a buɗe jam'iyyu a kira taron ƙasa. Kolingba ya amince da jam'iyyu a 1991. A farkon Agusta 1992 aka kashe Dakta Jean-Claude Conjugo, ɗaya daga cikin jagororin adawa, a wajen zanga-zanga. An soke zaɓen Oktoba 1992, aka sake wani a 1993, Patassé ya kayar da Abel Goumba a zagaye na biyu.

Patassé bai cika wata uku a kan mulki ba aka karya darajar sefa a Janairu 1994, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Ga ƙasar da ba ta da gaɓar teku, wadda kusan kome sai an shigo da shi, wannan na nufin kayan waje sun yi tashin gwauron zabo. Ma'aikacin da ke bin gwamnati bashin watanni ba ya ganin ministan kuɗi ko jami'an bankin Faris. Wanda yake gani kullum shi ne mai kanti a Kilomita Biyar, wanda ya gaya masa sabon farashi, wanda kuma watakila yake binsa bashin shinkafar watan jiya.

A 1996 sojoji suka yi bore sau uku, a Afrilu da Mayu da Nuwamba. Na farko kan albashi ne zalla. A na biyu aka wawashe kantuna da masana'antu, wasunsu ba su sake buɗewa ba. Kafin na uku, magana ta koma neman Patassé ya sauka, birnin kuma ya rabu gida biyu: unguwannin kudu na bakin kogin Ubangi, inda Yakoma, dangin Kolingba, suke da yawa, da unguwannin arewa masu goyon bayan Patassé. Sai da aka kira Janar Amadou Toumani Touré na Mali ya shiga tsakani aka sa hannu kan yarjejeniyar Bangui a Janairu 1997. Abin lura a nan shi ne yadda kukan albashi, wanda ya shafi kowane soja, ya rikiɗe cikin wata bakwai ya zama gaba tsakanin ƙabilu.

Mai karatu daga Nijar zai ga kamanni. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 aka harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy a Yamai, suna zanga-zanga kan matakan tsuke aljihu. Jininsu ya kai ga taron ƙasa na 1991 da gwamnatin riƙon ƙwarya ta Amadou Cheiffou, wadda ita ma ta gaji baitulmali ba kome. A ƙarshen Fabrairu 1992 sojoji suka yi bore kan albashi, suka kama gidan rediyo. Bambancin shi ne a Yamai ƙungiyar ƙwadago ta USTN ta kira yajin aiki na gama-gari don kare riƙon ƙwaryar, sojoji suka koma bariki. A Bangui babu wata ƙungiya da ta iya tsayawa tsakanin mai bindiga da kantin ɗan kasuwa.

2003: masu 'yantarwa sun zo karɓar lada

A ƙarshen 2000 ma'aikatan gwamnati suka sake shiga dogon yajin aiki, bashin da suke bi ya haura albashin wata ashirin. Ranar 15 ga Maris 2003, Patassé yana kan hanyar dawowa daga taro a Yamai, sai Janar François Bozizé, tsohon babban hafsan sojansa, ya kama Bangui. Jirgin shugaban ya karkata zuwa Yawunde. Jama'a da yawa sun yi murna, aka naɗa Abel Goumba firaministan riƙon ƙwarya. Amma kaso mai yawa na mayaƙan da suka kawo Bozizé 'yan Chadi ne da matasan kan iyaka, waɗanda aka yi wa alkawarin kuɗi. Sun wawashe birnin na kwanaki, suka zauna jiran lada. A Afrilu 2004 suka yi musayar wuta da sojojin gwamnati a gefen Bangui kan wannan lada, aka ba su ɗan abin sallama aka kwashe su zuwa iyaka. Wasunsu suka zama 'yan fashin hanya, waɗanda ake kira zaraguina, suna tare fatake suna sace 'ya'yan Fulani makiyaya don neman fansa. Wasu kuma suka shiga ƙungiyoyin tawaye na arewa maso gabas, irin su UFDR wadda ta kama garin Birao a 2006.

Kuka na biyu ya fito daga ramukan lu'ulu'u. A Oktoba 2008 ma'aikatar ma'adinai ta rufe takwas daga cikin kamfanoni goma sha ɗaya masu sayen lu'ulu'u, jami'anta kuma suka ƙwace duwatsu da kuɗi da motoci daga hannun dillalai. Yawancin dillalan nan Musulmi ne, masu alaƙar jari da dangantaka da Kilomita Biyar. Su ne ke ba mahaƙa abinci da kayan aiki bashi, saboda haka da suka karye, dubban mahaƙa suka rasa abin yi. Wasu daga cikin waɗanda aka ƙwace wa dukiya daga baya an gan su cikin masu ɗaukar nauyin tawaye.

Ga kuma tsohon ciwo. Musulmin da aka haifa a Bangui yakan sha wuya kafin ya sami takardar shaidar ɗan ƙasa, a shingen hanya kuma yakan biya fiye da kowa, domin sunansa kaɗai ya isa a kira shi baƙo. Maƙwabcinsa kuwa yana kallonsa a matsayin mai riƙe da kuɗin gari. A ƙarshen Mayu 2011, bayan an tsinci gawar yara biyu a motar wani ɗan kasuwa Musulmi, tarzoma ta ɓarke a kewayen Kilomita Biyar, aka kashe mutane, aka kai wa masallatai hari. Kowane ɓangare yana da nasa kukan, kuma kowanne yana ganin ɗayan ne ke cin rabonsa.

2013: Seleka a fada, baitulmali ba kome

A Disamba 2012 ƙungiyoyin tawaye suka haɗu ƙarƙashin sunan Seleka, wato ƙawance a harshen Sango. Yarjejeniyar Libreville ta 11 ga Janairu 2013 ba ta yi ƙarko ba. Ranar 24 ga Maris suka shiga Bangui, Bozizé ya tsere, Michel Djotodia ya zama Musulmi na farko da ya shugabanci ƙasar. Labarin 2003 ya maimaita kansa, sai dai wannan karon abin ya fi muni. Mayaƙan da suka iso 'yan dubbai ne, amma cikin 'yan watanni adadinsu ya kai kimanin 20,000, domin duk mai neman abinci ya ɗaura kaki. Babu albashin da za a ba su. Suka biya kansu da motocin gwamnati da na coci-coci da na ƙungiyoyin agaji, da kayan gidajen mutane, suna kisa ba mai tambaya. A wannan shekara tattalin arzikin ƙasar ya ragu da fiye da kashi ɗaya bisa uku, aka kuma dakatar da ita daga cinikin lu'ulu'u na duniya a watan Mayu.

Talakawan Bangui sun nuna fushinsu da abin da ke hannunsu. A tsakiyar shekarar mazauna unguwanni suka riƙa kaɗa tukwane da dare don nuna ƙin amincewa. A ƙarshen Agusta dubban mutanen da suka gudu daga farmakin Seleka suka mamaye titin saukar jirage a filin jirgin sama na M'Poko, inda sojojin Faransa suke, don duniya ta gan su. Djotodia ya ba da sanarwar rusa Seleka a Satumba, amma wanda bai biya ba, ba ya iya sallama.

Kilomita Biyar ta sami kanta a tsaka mai wuya. 'Yan Seleka sun fi ƙyale kantunan Musulmi, an kuma ga kayan wawaso a hannun wasu 'yan kasuwa, ko da yake attajiran unguwar su ma an tatse su. A idon maƙwabtan da aka kwashe wa kome, wannan ya isa hujja, laifin wasu ya shafi kowa. Ranar 5 ga Disamba 2013 mayaƙan anti-balaka suka afka wa Bangui, Seleka ta rama gida-gida, aka kashe kusan mutum 1,000 cikin 'yan kwanaki. A ranar Faransa ta ƙaddamar da rundunar Sangaris. Ranar 10 ga Janairu 2014, a taron shugabannin yankin a Njamena, inda aka kwaso 'yan majalisar riƙon ƙwarya baki ɗaya cikin jirgi, aka tilasta wa Djotodia sauka. Kamar a 1979, a waje aka yanke hukunci.

Riƙon ƙwaryar Samba-Panza

Ranar 20 ga Janairu 2014 majalisar ta zaɓi Catherine Samba-Panza, magajiyar garin Bangui, ta riƙe ƙasa. Da Seleka ta janye, fansa ta faɗa kan farar hula Musulmi. Aka ƙone gidaje da kantuna da masallatai. Chadi da Kamaru da Nijeriya da Nijar da Mali da Senegal suka kwashe mutanensu ta sama da ta ƙasa, cikinsu har da waɗanda ba su taɓa ganin ƙasar kakanninsu ba. A ƙarshen Afrilu aka raka Musulmi kimanin 1,300 na unguwar PK12 zuwa arewa. Daga Musulmi fiye da 100,000 da ke Bangui, kimanin 15,000 suka rage, kusan dukansu a ƙuntace cikin Kilomita Biyar.

Nan take birnin ya gane abin da ya rasa. A Fabrairu 2014 Oxfam da wasu ƙungiyoyin agaji suka yi gargaɗin cewa daga manyan dillalan abinci kimanin 40 da ke Bangui, ƙasa da goma suka rage. Nama ya yi wuya saboda makiyaya da mahauta sun gudu, direbobin Kamaru kuma suka ƙi shigowa sai da rakiyar soja. Wanda ya wawashe kanti ya ci na kwana uku, a rana ta huɗu ya rasa inda zai sayi gishiri.

Gwamnatin riƙon ba ta da kuɗin shiga na kirki. Sai da taimakon maƙwabta da Bankin Duniya aka biya albashi. Saboda haka duk maganar kuɗi takan zama makami. A Satumba 2014 aka bayyana cewa daga kyautar dala miliyan 10 da Angola ta bayar, kashi ɗaya bisa huɗu bai bi ta baitulmali ba. A Oktoba shugabannin anti-balaka suka riƙe wannan hujja suna neman shugabar ta sauka, aka kafa shingaye, gari ya tsaya cik na kwanaki. Taron sulhu na Bangui a Mayu 2015 ya amince a kwance wa mayaƙa ɗamara a ba su sana'a, amma kuɗin yin haka bai zo da wuri ba. Ranar 26 ga Satumba 2015 aka tsinci gawar wani ɗan acaɓa Musulmi, matasan Kilomita Biyar suka kai farmakin ramuwa, mutane da dama suka mutu. Masu zanga-zanga suka sake neman gwamnati ta sauka, fursunoni fiye da 500 suka tsere daga Ngaragba, shugabar ta katse halartar babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya ta dawo gida. Zaɓen da aka shirya yi a Oktoba aka ɗage shi zuwa ƙarshen Disamba.

Bayan wannan aka yi wa unguwar ƙawanya. Mai sayarwa ba ya iya fita, mai saye ba ya iya shiga, tsakaninsu sai kangayen gidaje da ciyawa ta rufe. Ranar 30 ga Nuwamba 2015 Paparoma Francis ya shiga babban masallacin unguwar, ya tunatar da jama'a cewa Kirista da Musulmi 'yan'uwan juna ne. Bayan mako biyu, ranar 13 ga Disamba, aka yi ƙuri'ar raba gardama kan sabon kundin tsarin mulki. Masu bindiga da ba su son a yi zaɓe suka yi luguden wuta kan masu jefa ƙuri'a a Kilomita Biyar, amma mazauna unguwar suka dage sai sun yi, har aka ƙara musu kwana guda. Wannan ita ce zanga-zangar da ta fi kowace ma'ana a tarihin unguwar, domin mutanen da aka daɗe ana kira baƙi sun sayar da rai don a ƙidaya su cikin 'yan ƙasa. A Fabrairu 2016 Faustin-Archange Touadéra ya ci zaɓe, aka rantsar da shi ranar 30 ga Maris.

2016 zuwa 2019: 'yan kasuwa da masu gadinsu

Riƙon ƙwarya ya ƙare a fada, amma a Kilomita Biyar bai ƙare ba. A 2014, lokacin da babu soja ko ɗan sanda da zai kare unguwar, matasa suka kafa ƙungiyoyin kare kai, 'yan kasuwa suka riƙa haɗa musu kuɗi da son ransu. Da hatsari ya ragu, gudummawa ta koma haraji: kan kowane kanti, kan kowace motar da ta sauke kaya. Ƙungiyoyin suka raba kasuwa yanki-yanki, suna faɗa da juna kan iyaka. Wanda ya fi suna cikin shugabanninsu shi ne Nimery Matar Jamous, wanda ake wa laƙabi da Force. Abin da Seleka ta yi wa ƙasa, da abin da masu 'yantarwa suka yi a 2003, shi ya dawo cikin unguwa guda: mayaƙi yana ganin ana binsa godiya, yana kuma karɓarta da bakin bindiga.

A farkon 2018, bayan wani faɗa da ya ƙone kantuna, 'yan kasuwa suka yanke shawarar daina biya, suka nemi rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya, MINUSCA, ta kawar da ƙungiyoyin. Ranar 8 ga Afrilu rundunar da jami'an tsaron ƙasar suka ƙaddamar da farmakin Sukula, wato wankewa a Sango. Bai yi nasara ba. Ranar 10 ga wata aka kashe fiye da mutum 20, washegari mazauna unguwar suka ɗauki gawarwaki suka jera a ƙofar hedikwatar MINUSCA. Ranar 1 ga Mayu aka kai hari cocin Fatima da ke maƙwabtaka, aka kashe masu ibada tare da limaminsu Albert Toungoumalé-Baba, fusatattu kuma suka huce kan masallatai. Rigimar haraji ta sake sanya rigar addini.

Yarjejeniyar da gwamnati ta sa wa hannu da ƙungiyoyin tawaye 14 ranar 6 ga Fabrairu 2019 ba ta taɓa harajin kasuwa ba. A ƙarshen Disamba 2019 tura ta kai bango, 'yan kasuwa suka ɗauki makamai da kansu suka fuskanci masu karɓar harajin. Fiye da mutum 30 suka mutu, kantuna da dama suka ƙone, amma ƙarfin ƙungiyoyin ya karye. Hukuma da MINUSCA suka ayyana Kilomita Biyar a matsayin yankin da aka haramta ɗaukar makami, 'yan sanda suka fara komawa.

Kammalawa

Abubuwa uku suka fito daga wannan tarihi na shekara 40. Na farko, kukan aljihu shi ke fito da jama'a kan titi, amma ba masu kukan ke raba mulki ba. A 1979 Faris ce ta zaɓa, a 2014 Njamena ce, domin gwamnatin da ba ta iya biyan ma'aikatanta tana hannun mai ba ta rance. Na biyu, duk wanda bindiga ta kawo yana zuwa da bashi biyu, na ma'aikatan da ya gada da na mayaƙan da ya ɗauko, kuma na biyun ba ya jiran kasafin kuɗi. Na uku, kukan da ya fara a kan albashi ko lu'ulu'u ko harajin kanti, in an bar shi ba magani, masu neman mulki kan sake masa suna, ya zama Yakoma da 'yan arewa a 1996, ko Musulmi da Kirista a 2013. Wannan ba ya wanke wanda ya ɗauki adda ko bindiga, kuma ba ya nufin ƙabila da addini ba su da nasu tasiri. Yana dai nuna inda wutar kan fara kamawa.

Saboda haka ɗalibin da ke nazarin kowace gwamnatin riƙon ƙwarya, a Bangui ko Yamai ko wani wuri, kada ya tsaya ga ranar zaɓe da sunayen ministoci. Ya tambayi watanni nawa malamin makaranta ke bi, da wa ya yi wa mayaƙa alkawari kuma da me za a cika shi, da hannu nawa ke karɓar kuɗi daga motar kaya tsakanin iyaka da kasuwa. A Kilomita Biyar, amsar tambaya ta ƙarshe ita ce ta nuna cewa riƙon ƙwaryar da aka rufe a takarda a Maris 2016 ya ci gaba a bakin kantuna har kusan shekara huɗu bayan haka.